GYAMBON CIKI: A SHANYE MAGANI KAMAR YADDA LIKITA YA RUBUTA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Magarya da Dungas, darasinmu na yau a kan gyambon ciki ne, wanda wasu ke kira olsa. Mutane da yawa suna zuwa asibiti a rubuta musu magani. Su sayar da gero ko akuya su saya. Amma bayan ƴan watanni sai ciwon ya dawo. Sau da yawa maganin ba shi da laifi. Yadda aka sha shi ne bai dace ba.

MENE NE GYAMBON CIKI?

Miki ne da ke fitowa a jikin tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. Tumbinmu yana fitar da wani ruwa mai tsami ƙwarai domin narkar da abinci. Idan ruwan nan ya taɓa mikin, sai mutum ya ji zafi a ƙahon zuci. Gyambon hanji ya fi tashi lokacin yunwa ko da tsakar dare. Idan an ci abinci yakan lafa.

Manyan abubuwa biyu ne ke kawo shi.

Na farko, wata ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta, wadda ido ba ya gani. Yawanci tun muna yara take shiga cikinmu. Wasu likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka gano ta a shekarar 1982. Aka ba su kyautar Nobel a shekarar 2005.

Na biyu, yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki, irin su Asfirin da Ibufurofen da Diklofenak. Da damina, idan noma ya yi tsanani, wasunmu kullum sai sun sha su kafin su tafi gona. Waɗannan ƙwayoyi suna raunana jikin tumbi da hanji.

Yunwa da barkono suna iya ƙara zafi, amma ba su ne tushen ciwon ba.

MAGANIN DA LIKITA KE RUBUTAWA

Likita yakan rubuta magani iri biyu a takardar da muke kira ordonansi.

Akwai mai rage tsamin ciki domin miki ya samu damar warkewa. Wanda aka fi sani shi ne Omefrazol. A jikin kwali za mu ga an rubuta Oméprazole. Gyambon hanji yakan ɗauki mako 4 ana shan sa. Na tumbi yakan kai mako 8.

Akwai kuma masu kashe ƙwayar cutar. Ana haɗa biyu daga cikinsu, kamar Amoksisilin da Metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl. Ana shan su kwana 10 zuwa 14.

A nan ne da yawa muke kuskure. Bayan kwana uku ko huɗu zafi yakan tafi. Sai mutum ya ce ya warke, ya ajiye sauran magani. Alhali mikin yana nan, ƙwayar cutar kuma ba ta mutu duka ba. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Kowane manomi ya san haka: wanda ya yanke kan ciyawa ya bar saiwa, ruwa ɗaya zai sake tayar da ita. Ƙwayar cutar da ta tsira kuwa tana iya yin taurin kai, har maganin ya daina kashe ta.

DOKOKI BAKWAI NA SHAN MAGANI

1. Kafin mu bar asibiti, mu tambaya: ƙwaya nawa, sau nawa a yini, kwana nawa? Mu sa a rubuta mana a jikin kwali.

2. Mu sha Omefrazol rabin awa kafin cin abinci. Mu haɗiye shi yadda yake da ruwa mai tsabta. Kada mu tauna shi, kada mu daka shi.

3. Mu shanye magani har ranar ƙarshe, ko da zafi ya tafi. Kowace rana mu yi alama a takarda.

4. Idan mun manta, mu sha da zarar mun tuna. Idan lokacin na gaba ya kusa, mu bar wanda ya wuce. Kada mu ninka.

5. Mu daina shan Asfirin da Ibufurofen da Diklofenak. Idan jiki na ciwo, Farasitamol ya fi sauƙi ga ciki. Amma wanda likita ya ɗora shi a kan Asfirin saboda ciwon zuciya, ya fara sanar da likita.

6. Mu bar taba da barasa. Taba tana hana miki warkewa. Barasa kuma ba ta haɗuwa da Flagyl. Jiƙon kanwa yakan kwantar da zafi na ɗan lokaci kawai, ba ya warkar da miki.

7. Kada mu ba wani maganinmu. Ba kowane ciwon ciki ne gyambo ba.

ABIN DA ZA MU FAƊA WA LIKITA

Mace mai juna biyu ko mai shayarwa ta faɗa tun farko. Akwai maganin gyambo mai suna Misoforostol da ke iya zubar da ciki. Wanda Amoksisilin ko Fenisilin ya taɓa sa masa ƙuraje ko kumburi, shi ma ya faɗa. Mu nuna duk maganin da muke sha, har da na gargajiya. Idan azumi ya kusa, mu je a tsara mana lokutan sha.

INA ZA MU SAYA?

Mu saya a asibiti ko a farmasi mai izini. Yankinmu yana kan iyaka, magani yana shigowa ta hanyoyi da yawa. Wanda ake talla a faranti ya sha rana da ƙura, wani kuma jabu ne. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, kusan magani 1 cikin 10 jabu ne ko marar inganci. Araha ba ta ado. Mu duba ranar lalacewa a jikin kwali. Mu ajiye magani a inuwa, nesa da yara.

ALAMUN HAƊARI

Mu garzaya asibiti nan take, ko da dare ne, idan muka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Aman jini, ko amai baƙi mai gari-gari.
- Kashi baƙi ƙirin mai yauƙi kamar kwalta.
- Ciwo mai tsanani farat ɗaya, ciki ya yi tauri kamar katako.
- Jiri da suma, ko rama ba dalili.
- Kumburin fuska ko sarƙewar numfashi bayan shan magani.

Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata masu ciki ita ma tana baƙanta kashi. Duk da haka, likita ne zai bambance mana. Ko daga Bande muke ko Sasumburum, Dogo-Dogo ko Malawa, mu fara da asibitin CSI mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura mu babban asibiti, har zuwa Damagaram idan ta kama.

Bayan mun gama magani mu koma ga likita ya sake duba mu. Lafiya uwar jiki.

TAMBAYOYI DOMIN AJI

1. Waɗanne abubuwa biyu ne ke kawo gyambon ciki?
2. Me ya sa ba za mu ajiye magani ba idan zafi ya tafi?
3. Ku rubuta alamun haɗari guda uku.