Sinadaran Jikin Mace da Sauyin Halinta

A cikin jinin kowace mace da ta balaga akwai wasu sinadarai da likitoci ke kira homon. Biyu daga cikinsu, isturojin da furojestaron, ma'ajiyar ƙwai da ke dama da hagun mahaifa ce ke fitar da su, bisa umurnin wani ɗan ƙulli mai girman ƙwayar wake da ke gindin ƙwaƙwalwa. Jini na kai su ko'ina, har ƙwaƙwalwar kanta, inda suke taɓa barci, cin abinci, fushi da natsuwa. Manomin fadamar Wurno ya san yadda gulbin Rima ke cika in an buɗe ƙofofin madatsar Goronyo, ya janye in an rufe. Haka sinadaran nan ke hawa da sauka, saukar kuwa ita ta fi jijjiga mace.

Tsakanin haila da haila yawanci kwana 21 zuwa 35 ne. Idan ƙwai ya fita ciki bai shiga ba, sinadaran biyu kan faɗi ana saura 'yan kwanaki jini ya zo. A lokacin ne nono ke nauyi, kai ya yi ciwo, magana kaɗan ta zama faɗa. Da jini ya zo sai abin ya lafa. Maigidan da ya lura cewa rigimar gidansa tana bin lissafin wata ya rage wa kansa zuwa gaban alƙali.

In ciki ya shiga, mabiyiya ce ke karɓar aikin, ta riƙa zuba sinadaran ninkin ba ninkin har wata tara. Ranar haihuwa mabiyiya ta fita, cikin 'yan kwanaki su koma ƙasa. Babu saukar da ta kai wannan a rayuwar mace, ga zubar jini, ga rashin barci. Shi ya sa mai biƙi kan fashe da kuka tun kafin suna, ba wanda ya taɓa ta. Wannan kan wuce da kansa cikin mako biyu, shayarwa ma na taimakawa, don tsotson jariri na sakin wani sinadari, oksitosin, mai kwantar da rai.

Wanda ya zarce mako biyu ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan 13 cikin 100 na masu jego kan kamu da larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma adadin ya fi haka a ƙasashe masu tasowa. Mace ta ƙi abinci, ta ƙi magana, ta ji ba ta da amfani, ta rasa sha'awar ɗanta. Nan al'ada kan rufe ido: an san mai haihuwar fari da kunya, ba ta ɗaukar ɗa gaban mutane, ba ta kiran sunansa, sai a ɗauki ciwo a matsayin kunya, har a yaba mata. Mai kunya tana shayarwa da marmari idan ɗaki ya zama ba kowa; marar lafiya ko ita kaɗai ce ba ta kula. Uwa ko kakar da ke yi mata wankan jego safe da yamma har arba'in ita ta fi kowa damar gane bambancin, kuma wannan na cikin alheran zuwa goyon ciki gidan iyaye.

Akwai mafi tsanani, mai kama mace ɗaya ko biyu cikin masu jego 1,000, yawanci a makonni biyun farko: kwana ba barci, sambatu, jin muryoyi, zargin ana son kashe jariri. A ƙauyukan Rabah, Wurno da Goronyo akan ce iska ce ko sammun kishiya, a yi ta turare da ruƙiyya kwanaki na tafiya. Addu'a ba ta hana magani. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri, a kai ta asibiti mafi kusa ranar, daga nan a tura ta Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ciwon na jin magani. In kuwa sambatun ya haɗu da zazzaɓi mai zafi ko jijjiga, wata cutar ce da ba ta jiran gobe.

Saukar ƙarshe ita ce ɗaukewar haila, tsakanin shekara 45 da 55 ga yawancin mata. Zafi kan taso daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa zane da dare ko da hunturu ne, barci ya ƙi, mantuwa da ƙuncin rai su yawaita. Yakan ɗauki shekaru kafin ya lafa. Jinin da ya dawo bayan shekara guda cur da ɗaukewa ba haila ba ne, sai likita ya duba.