Barewa a Hanyar Gashuwa

Tambaya: Ina yawan bin hanyar Nguru zuwa Gashuwa. Kwanan baya da sassafe na hangi barewa biyu a bakin daji, na fito da waya, kafin in ɗauka sun ɓace. Yaya zan yi in samu hotonsu? Daga wani mai karatu a Gashuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi sa'a, domin farauta da saran daji sun sa barewa ta yi ƙaranci a yankin nan, har kusa da Dagona da ke cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi. Shawarata ita ce kada ka fito daga mota. Barewa ta saba ganin motoci suna wucewa, amma da ta hangi mutum a tsaye sai ta ɗauka maharbi ne. Ka gangara gefen titi, ka kashe inji, ka sauke gilas a hankali, ka ɗora gwiwar hannu a bakin taga don kada waya ta girgiza. In ta ɗaga kai ta miƙe kunnuwa, ka tsaya cak har ta koma kiwo.

Za ka ce daga nesa hoton zai fito ɗan mitsitsi. Gaskiya ne, amma in ka matsa kusa, bayanta kawai za ka ɗauka tana gudu, kuma wataƙila ka raba uwa da ɗanta da ta ɓoye cikin ciyawa. In ka sa hoton a Facebook, kada ka faɗi inda ka gan ta, domin mafarauta ma suna da waya.