Tsohuwar Kwamfuta In Ta Ƙi Tashi

'Yan'uwana 'yan makaranta, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi muku bayani a kan wani abu da ke kwance a gidaje da yawa a Samaru, watau tsohuwar kwamfuta. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962 garin nan ya cika da malamai da ma'aikata. Cibiyar kwamfuta ta jami'ar ma sunan Farfesa Iya Abubakar aka sa mata, masanin lissafin nan da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da irin waɗannan na'urori a sito ko a ƙarƙashin gado, ƙura ta rufe su. Ran da aka jawo ɗaya aka danna makunni ta yi shiru, sai a ce ta mutu, a miƙa wa 'yan gwangwan. Alhali kuwa sau da yawa ciwonta ƙarami ne, kuma a cikinta akwai rubuce-rubuce da hotuna waɗanda kuɗi ba ya mayar da su.

Ni na koyi abin da zan faɗa ne a hutun ƙarshen shekara, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da kwamfuta kusa da kasuwar Sabon Gari. Dokarsa guda ce. Yakan ce mini, "Yaro, wuta tafiya take yi kamar ruwa a kwata. Bi ta daga bango har cikin na'ura, inda ta tsaya nan ciwon yake."

To, mataki na farko shi ne bango. A jona fitila ko rediyo a soket ɗin a ga ko da wuta. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, amma takan zo da rauni, har ƙwan fitila ya yi ja. In haka ne, a jira ta cika, ko a sa sitabilaiza.

Na biyu, wayar da fulogi. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila yana da ɗan fis a ciki, mai lamba 3 ko 5 ko 13. In ya ƙone a sa sabo. Kada a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari kamar yadda wasu ke yi, gama fis shi ne mai gadin gida daga gobara. Wayar kwamfuta ta yi kama da ta wasu butocin lantarki na dafa ruwa, ana iya aro ta a gwada.

Na uku, a duba bayan na'urar kafin a jona ta. Akwai wani ɗan jan maɓalli a jikin da yawa daga cikinsu, an rubuta 115 a gefe guda, 230 a ɗaya gefen. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka sukan zo a kan 115, don wutar can bolt 120 ce. Wanda ya jona ta haka a Zariya zai ji ƙara, ya ga hayaƙi. Lalle ya kasance 230 ne ke bayyane.

Na huɗu, a zare fulogi, a ɗauko sukundireba a buɗe murfi. Nan hanci da ido ke aiki. Ƙurar hunturu takan toshe fanka, ɓera yakan ci waya, kyankyaso da tsaka sukan mutu a kan allo, har zanzaro yakan yi gini a ciki. A share da buroshi mai laushi, ban da ruwa. Sa'an nan a dubi babban allon da kome ke dashe a kansa. Akwai wasu 'yan gwangwanaye tsaitsaye da masu gyara ke kira kafasita. Kan mai lafiya a shafe yake. Wanda ya kumbura, ko ya fitar da wani abu kamar tsatsa, ya lalace. Wannan cuta ta addabi na'urorin da aka ƙera tsakanin 1999 da 2007 ƙwarai. A dubi batir kuma. Na wannan zamanin kamar kwabo yake, sunansa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, irinsa ake sa wa ma'aunin sukari. Amma kwamfutoci masu lamba 386 da 486 batirinsu kamar 'yar ganga yake, in ya tsufa yakan zubar da ruwa ya cinye allon, ya bar tabo kore.

Na biyar, akwatin wuta, wanda ke karɓar wutar bango ya rage ta zuwa bolt 12 a waya rawaya, bolt 5 a ja. Cikin 1995 kamfanin Intel ya fito da tsarin da ake kira ATX. A wannan tsari, in an cire babban fulogin daga allo, aka haɗa waya koriya da baƙa, aka ba da wuta, fankar akwatin za ta juya in yana da rai. Sai dai wasu kamfanoni sun sauya jerin wayoyinsu, don haka wannan gwaji a gaban wanda ya sani za a yi shi. Na'urorin da suka girmi 1995 kuwa, irin jikokin IBM PC ta 1981, wutar bango ce tsagwaronta ke bi ta makunninsu, ba a taɓa shi da fulogi a jone.

A nan zan ja kunne. Kada ɗalibi ya buɗe cikin akwatin wuta, ko bayan tsohon gilashin kallo mai ƙaton ƙeya. Suna riƙe wuta ko bayan an kashe su, ta gilashin ma takan kai bolt 25,000. Wannan aikin masu sana'a ne.

Na shida, in fanka na juyawa amma ba a ga kome ba, a zare fulogi, a cire ram, watau siririn allon nan mai haƙora ruwan zinariya. A goge haƙoran da magogin fensir, a mayar. In an kunna ba ram na'urar ta yi ƙara "ƙit, ƙit", albishir ne, allon yana da rai.

Da wannan hanya muka tayar da kwamfutar kawuna, wadda ya saya cikin 1999, mai Windows 98. Ya yi ritaya, ta shekara goma sha biyar a sito, a cikinta kuwa akwai tarihin zuriyarmu da ya rubuta daga bakin kakarmu kafin ta rasu. Bango lafiya, fis lafiya, akwatin wuta lafiya. Da muka kai ta Sabon Gari, dattijon nan ya sa tabarau ya nuna mini kafasita uku da suka kumbura. Na ce, "Baba, ke nan ta mutu?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kawo mini dalma." Kafin la'asar ta tashi, muka kwashe rubutun muka buga a takarda.

Ko da a ce gyara ya gagara, ba a yi hasara duka ba. Rubutu da hotuna suna cikin faifan ajiya ne, wani ɗan akwatin ƙarfe kamar tafin hannu. Ana cire shi a jona shi da sabuwar kwamfuta ta wata 'yar waya ta musamman, a kwashe abin da ke ciki.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, kafin ku sayar da tsohuwar na'ura a kan kilo, ku bari a bi waɗannan matakai, in kuwa ta ƙi, ku cire faifan ku adana. Ku kuma 'yan'uwana, ku lazimci haƙuri da tambaya, kada ku raina kayan dā, gama da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.