Yaro Ya Shiga Makaranta, Saura Aikin Wa?

Da yawa a cikinmu, 'yan'uwa, idan mun sa yaro a makarantar firamare, mun ɗinka masa riga, mun saya masa littafi da fensir, sai mu ce mun gama namu, saura na malam. Bari mu duba ko haka ne.

A shekara ta 1966 gwamnatin Amurka ta fid da rahoton wani babban bincike wanda James Coleman ya shugabanta. An gwada yara fiye da 600,000. Aka tarar bambancin da ke tsakanin yaro mai-ƙoƙari da wanda ya ke baya, daga gida ya fi fitowa, ba daga ginin makaranta ko kayan aikinta ba. Amma kada mu tsaya nan. A 1983 waɗansu masana biyu, Heyneman da Loxley, suka duba ƙasashe 29, suka ga a ƙasashen da ba su da wadata, kyaun makaranta da malamanta yana da nauyi fiye da yadda ya ke a ƙasashe masu-arziki. Watau mu a nan aikinmu biyu ne: na cikin gida, da na sa ido a kan makarantar kanta.

Na cikin gida ya fara da zuwa kullum. Mu yi lissafi. Yaro yana zuwa makaranta kwana 5 a mako. Idan uwa ta riƙe 'yarta kowace ranar kasuwa domin talla, ta rage mata kashi ɗaya cikin biyar. A shekara 6 na firamare wannan ya fi shekara guda cif. Ga kuma shuka da girbi, lokacin da uba ya kan ce, yau dai a bar karatu. Ran da yarinyar ba ta zo ba, ran nan aka koya raba lamba. Kashegari ta zauna ba ta gane kome ba, malam kuwa ba shi da zarafin komawa baya saboda mutum ɗaya, balle a aji mai-cike. Daga nan sai a fara ce da ita daƙiƙiya, alhali mu ne muka hana ta.

Wani zai ce, ni ban yi boko ba, yaya zan taimake shi? Ba lallai sai ka iya karatu ba. Da dare, bayan tuwo, ka ce ya ɗauko littafinsa ya karanta maka da ƙarfi, sa'an nan ya gaya maka ma'anarsa da harshen gida. In yana inda-inda, kunnenka zai ji. Yaron da ya san za a tambaye shi da dare ya kan kasa kunne da rana. Uwa kuma ta ba shi ko ɗan koko ne kafin ya fita, gama mai-jin yunwa hankalinsa ba ya wurin allo. Amma kada mu yi masa aikin da malam ya ba shi, kada kuma wansa ya yi masa. Wannan ruɗin malam ne, zai zaci yaron ya iya.

Game da makarantar kanta, a Nijeriya dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin ganin yaro ya yi shekara 9 yana karatu, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Akwai kuma taron iyaye da malamai. Sau da yawa ba mu zuwa sai mun ji za a yi maganar kuɗi. Mu je, mu ga malamin ɗanmu ido da ido tun ba a yi rigima ba. Mu tambaye shi ko yaron ya iya karanta layi guda shi kaɗai. Idan wani malami ya saba fashin aiki, iyaye biyu ko uku su tafi wurin hedimasta tare, da ladabi, su faɗi ranakun da ajin ya zauna ba kowa.