Wasan Minecraft da Bukatun Mai Rai

Minecraft wasa ne na kwamfuta da wayar hannu, wanda wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ya ƙirƙiro a 2009, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2014. Ana jefa ɗan wasa cikin daji hannu rabbana, a duniyar da aka gina da tubala zalla, aikinsa shi ne ya rayu. Bukatunsa kuwa su ne muke koyarwa a darasin Bayoloji: mafaka da haske da ruwa da abinci.

Matakan Mai Farawa

1. Mafaka. Dare da rana a wasan minti 20 ne, kusan rabinsu ne ke da haske. Saboda haka a fara da saran itace, a haɗa teburin sassaƙa da diga, a haƙo dutse da kwal. Kafin faɗuwar rana a gina ɗaki a kunna wuta, domin dodanni a duhu suke fitowa.

2. Haƙa. Kada ɗan wasa ya haƙa tubalin da yake tsaye a kansa, don yana iya faɗawa kogo ko narkakken dutse, ya rasa duk abin da ya tara.

3. Abinci. Ana samun irin alkama daga ciyawa. A yi kaftu da fartanya kusa da ruwa, domin danshinsa tubala 4 kawai yake kaiwa. Garin ƙashi yana hanzarta girman shuka, alkama kuma ita ake ba shanu da tumaki su hayayyafa.

Wasa da Zahiri

Ɗalibin da ya ga noman rani a fadamun Jega, bakin Gulbin Zamfara, ya san dalilin kusanta gona da ruwa. Haka kuma manomin Maiyama da ke kai taki gona ba zai yi mamakin garin ƙashi ba, domin ƙashi yana ɗauke da sinadarin fosfaras wanda saiwa ke bukata.

Amma fa akwai inda wasan ya kauce wa kimiyya. A cikinsa ƙudan zuma yana sa shuka saurin girma. A zahiri aikinsa ɗaukar garin fure ne daga wannan fure zuwa wancan, har iri ya ƙullu. Albasar da Aliero ta shahara da ita tana dogara ga ƙwari irin waɗannan kafin ta ba da iri, don haka feshin magani barkatai lokacin fure asara ce ga manomi. Ɗalibin da ya ɗauko amsar wasan ya kai ta ɗakin jarrabawa, to, ya faɗi.

Aiki ga Ɗalibai

Malami ya raba aji gida biyu. Kashi ɗaya su lissafa abubuwa uku da wasan ya dace da Bayoloji, ɗaya kashin su kawo uku da ya saɓa, kowa da hujjarsa daga gonakin garinsu.