Kafin ka saya wa tsohuwar Land Cruiser batir

Direba, tun da aka gano zinariya a Tchibarakaten a 2014, tsofaffin Land Cruiser da Hilux ke ɗawainiyar kai mutane da ruwa daga Arlit. A wannan hanya, mutuwar batir na iya jawo asarar rai.

Fara duba wutar motarka. Wasu tsofaffin masu gazuwal volt 24 suke amfani da shi, wato batir biyu na volt 12 a haɗe. In haka ne, canja su tare, iri ɗaya. Tsoho yakan kashe sabo. Auna mazaunin batir, ka lura da gefen da kan jan waya yake, domin wayoyin tsohuwar mota gajeru ne, jansu da ƙarfi kuma haɗari ne. Kada lambar ƙarfin sabon batir ta gaza ta tsohon, don sanyin asubar hunturu na wahalar da injin gazuwal.

Ni na fi son mai murfin da ake buɗewa. Zafi na ƙone ruwan batir, sai ka ƙara tataccen ruwa, ban da na rijiya. Ka ɗaure shi tamau, gargadar hanya na farfasa cikinsa. Sa makaniki ya auna caji: volt 14 ko kusa a kan kowane batir, inji na aiki.