Yadda Ake Dasa Makunni A Mariƙin Takobin Wasa Mai Haske

'Yan ƙungiyar wasan kwaikwayo da 'yan sashen lantarki, wannan darasin naku ne. Takobin roba mai fitilar LED kan ba da kunya ana tsakiyar wasa, kuma galibi matsalar daga makunni take.

Makunnin dannawa iri biyu ne. Wani sai kana danne da shi yake kawo wuta, wani kuwa danni ɗaya ya kunna, na biyu ya kashe. Na biyun ya fi dacewa da dandamali. Ɗan mitsitsin nan mai ƙafa 4 yawanci miliamfiya 50 kawai yake ɗauka, dogon layin LED zai lalata shi. Nemi zagayayye na milimita 12 mai noti.

Riƙe bututun PVC da zai zama mariƙi kamar za ka kai sara, ka yi alama inda babban yatsa yake kaiwa. Kada ka sa makunnin ƙarƙashin tafin hannu, don da ka damƙe wuta za ta ɗauke.

Huda rami daidai faɗinsa. Haɗa shi a wayar fozitif, ka liƙe da dalma kafin ka cusa, ka bar rarar waya kamar santimita 3 saboda jijjiga. Zura notin ta jikin wayoyin, ka ɗaure daga ciki da siririyar filaya. Guji Super Glue, yakan tsiyaya ciki ya daskarar da maɓallin.

Kafin ka rufe, kunna ka yi ta saran iska. In hasken ya ƙifta, sake duba dalmar.